Ranar da Ban Shiga Ruwa Ba

Shekarata ta farko a jami'a, a Wad Madani ta ƙasar Sudan, ban yi ta don ina son kulliyar kimiyya ba. Likitanci nake so tun ina sakandare, amma makin jarrabawar ƙarshe ya gaza da ɗan kaɗan, aka jefa ni inda ban nema ba. Kwana uku na yi ba na magana da kowa a gida. Rana ta huɗu Inna ta ce ko dai in ci abinci ko in tashi mata daga tabarma, tana son shara. Na ci abincin.

Da na je Madani sai na ji ashe ƙofar ba ta rufe duka ba. Duk ƙarshen shekarar farko ana ɗibar 'yan ƙalilan daga kimiyya a mayar da su likitanci, in sun haye abu uku: makin shekara, sai mu'ayana, wato zaman da malamai ke yi da kai suna jefo maka tambayoyi ido da ido, sai kuma kashafi, gwajin lafiyar jiki, jini da fitsari da ƙirji. Na ce to, ko ana ha-maza ha-mata sai na shiga. Na daina ƙwallo, na daina zaman shayi. Inda duk aka ga inuwar dalbejiya a harabar makaranta, ni ne a gindinta da littafi, ina haddace sunayen ƙasusuwa da Turancin da bakina bai saba da shi ba.

Abokin ɗakina wani ɗan garin Rufa'a ne, yana aji biyu gaba da ni, mai surutu kamar rediyon mai shago, kowa a bakinsa "ya zol" ne, wato mutumina da Larabcinsu. Shi ke yi mini gwajin mu'ayana. Ya zauna bakin gado, ya ɗaure fuska, ya ce, "Me ya sa kake son likitanci?" In na fara amsa sai ya katse ni: "Ƙarya ce, ya zol, kuɗi kake so. Na gaba!" Wani lokaci in ji kamar in shaƙe shi, amma ya koya mini kallon mutum a ido, abin da a gidanmu ake kira rashin kunya.

Gidan namu yana wani ƙauyen Hausawa ne a tsakiyar gonakin Jazira, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Baba yana noman hawasha, gonar da ake ba ta ruwa daga magudanai. Ruwan kan taso daga babbar magudana, wato tur'a, ya shiga ƙaramar hanya da ake ce wa abu ishirin, daga nan mu raba shi cikin gona. Ni ne ɗan fari, waɗanda ke bi na duka mata ne, don haka tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban-ruwa ya zama aikina. Baba bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. "Kai" yake ce mini, in kuma ransa a ɓace yake sai ya ce "kai ɗin nan".

Wata rana a ɗakin gwaje-gwaje malaminmu ya ce kowa ya kawo nasa fitsarin a 'yar kwalba, mu koyi dubawa a madubin likita. Aka yi ta dariya da tsokana. Na ɗiga nawa a kan gilashi, na sa ido, na juya ɗan maɓallin a hankali. Sai ga wani abu mai siffar ƙwayar guna, da ɗan tsini a gindinsa kamar ƙaya. Na matsa gefe, ga wani. Ga kuma wani. Na ɗaga hannu da murnata, wai na gano abu kafin kowa.

Malamin ya leƙa, ya ɗago, ya dube ni. Ya rage murya ya ce, "Naka ne?" Na ce nawa ne. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya ce, "Ƙwan tsargiya ne. Ka wuce asibitin makaranta yau, kada ka bari sai gobe."

Tsargiya! Ni da na haddace sunanta na Turanci da na Larabci, na zana dodon koɗin da ke ɗauke da ita a littafina har da launi. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa haɗa ta da ɗigon jinin da ke zuwa mini a ƙarshen fitsari ba. A ƙauyenmu wannan ba ciwo ba ne. Duk yaron da ya isa shiga ruwa yana yin sa, muna yara har gasa muke yi, wanda nasa ya fi ja shi ne namiji. Manya su ce zafin rana ne. Abu yana cikin jikina shekara da shekaru, ina karanta shi a takarda kamar labarin wata ƙasa.

Likitan ya ba ni wasu manyan ƙwayoyi masu ɗaci, ya ce in haɗiye a gabansa. Yana rubutu ya ce, "Kada ka koma ruwan tur'a." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, akwai layi a bayana. Ni kuma kunya ta hana ni tambayar komai, na fito ina jin jiri.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa abokin ɗakina. Ya dafa kai ya ce, "Innalillahi! Ya zol, kashafi fa! Duk wanda aka ga jini a fitsarinsa an gama da shi. Bara ma an kori wani." Ban tambaye shi wane ne wanin ba. Na dai ƙirga, saura wata biyu a yi kashafi. Na ce maganin zai wanke ni kafin nan, ni kuma daga yau ko ɗan yatsana ba zai taɓa ruwan tur'a ba. Na yi rantsuwa a kan haka.

Muka gama jarrabawa, makina ya fito yadda nake so. Aka ba mu hutu kafin mu'ayana da kashafi, na koma gida. Lokacin ɗari ne, alkama ta fito kore shar, tana neman ruwa.

Bayan la'asar na sami Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na tsuguna na gaishe shi, na zayyana masa komai: ƙwan da na gani, dodon koɗi, tsutsar da ke huda fata, kashafi. Ya saurara har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Mi kake son ce mini?"

Na ce, "Baba, ba zan shiga ruwa ba bana."

Ya ajiye fartanyar. "Tun ba a haife ka ba nike cikin ruwan nan. Ubana a cikinsa ya tsufa. Kai ɗin nan ne za ya cinye?"

Na ce ba cinye ni zai yi ba, hana ni makaranta zai yi. Ya ce, "To wa za ya ba alkama ruwa? Ƙannenka mata?" Na san gwiwarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, in ya tsuguna sai ya dafa bango yake tashi. Ya ɗauki fartanyarsa ya shige ciki. Inna ta leƙo ta ce mini, "Kai ma da taurin kai, ba ka iya bari ya ci abinci tukuna ba?"

Ban ce ba zan yi aiki ba, na ce ba zan taɓa ruwa ba. Na je wurin wani mai kula da injin famfo na aro dogayen takalman roba masu kaiwa ƙasan gwiwa, na ɗaura leda a hannuwana, na shiga gona. Cikin alkama ruwan bai wuce idon sawu ba, takalman sun isa. Sai dai laka tana riƙe su, kowane taku sai na yi kokawa. Aikin da nake gamawa kafin hantsi ya kai ni azahar.

Mutanen ƙauye kuwa sun sami abin kallo. Maƙwabcinmu na gona, wani dattijo abokin Baba tun suna samari, wanda muke ce wa Kawu, ya tsaya a kan gaɓa ya riƙe ƙugu. "Jama'a ku zo ku gani! Likita ya zo yi wa alkama allura!" Kwana na farko na yi dariya. Na biyu na ci gaba da aikina. Na uku ya ce ko in sa safar hannu in zan ci tuwo, sai raina ya ɓaci, na ɗago na ce, "Kawu, ku da kuke fitsarin jini kuna dariya, ku ne abin tausayi."

Kai! Maganar ta riga ni isa gida. Baba ya tasa ni gaba har zauren Kawu, ya ce in tsuguna. Na tsuguna na ba da haƙuri, hawaye na zubo mini don haushi. Kawu ya ce ba komai, yaro ne. A hanyar komawa Baba ya ce, "In karatun nan abin da za ya koya maka ke nan, halas, magana ta ƙare, ka zauna gida." Daga ranar ya daina yi mini magana sai amsa gaisuwa. Ni ma na kafe. Da safe in sa takalmana in tafi gona, da yamma in zauna bayan gida ina yi wa kaina tambayoyin mu'ayana ina amsawa da ƙarfi, kaji suna kallona.

Saura mako biyu kashafi, ranar wata Talata, muka fita gona ni da Baba rana tana ɗagowa, shi a gaba ni a baya. Tun daga nesa na ji ƙarar ruwa ba irin wadda na saba ji ba. Da muka ƙarasa, gaɓar abu ishirin ta ɓalle daidai kan gonarmu. Ɓeraye ne suka yi mata rami, ruwa ya bi ya faɗaɗa shi. Yana kwarara kai tsaye cikin gonar Kawu, inda ya dasa albasa bai fi kwana goma ba. In aka bar shi awa ɗaya, albasar ta tafi, kuma laifin namu ne, don gefenmu ne ya karye. Gafir, mai buɗe ruwa da rufe shi, yana can bakin tur'a, kafin a je a kira shi an yi ɓarna.

Na san yadda ake toshe irin wannan, na yi ba sau ɗaya ba. Ana cika buhuna da ƙasa, mutum ɗaya ya shiga tsakiyar ɓarakar ya jera su, ya tattake da ƙafa, ya liƙe da laka. Ruwan wurin yana kaiwa ƙugu. Takalman roba ba su da wani amfani a nan.

Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya. Na dubi ruwan, na dubi albasar Kawu tana nutsewa layi bayan layi, na tuna rantsuwata. Shekara guda na karatu, ga shi za ta tafi a kan ramin ɓera. Sannan na ce a raina, to, Allah ya so haka. Na zauna a gaɓa na fara zare takalmin dama.

"Kai!"

Na ɗago. Baba ya riga ya tuɓe jallabiyarsa.

"Mai da takalminka."

Na ce, "Baba, gwiwarka."

"Na ce mai da shi! Cika mini buhu."

Ya gangara cikin ruwan. Sanyin safiyar nan, na ga tsikar jikinsa ta tashi, na ji ya ja numfashi ta haƙora. Na riƙa cika buhuna kamar mahaukaci ina miƙa masa daga kan gaɓa, yana karɓa yana dannawa. Buhu na huɗu, na biyar, ƙarfin ruwan ya fara raguwa. Ya ɗaga na shida ya juya zai ajiye, ƙafarsa ta dama ta nutse cikin laka ta ƙi juyawa tare da shi. Na ji ƙarar da kunnena, ƙas, kamar an karya ɗanyen kara. Ya faɗi a kan buhunan, ruwa har wuyansa.

Na yi ihu na zabura zan faɗa. Ya ɗago hannu ɗaya daga cikin ruwan, fuskarsa ta canza launi, ya nuna ni da yatsa. "In ka shigo ban yafe ba."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Na daskare a kan gaɓa, ina kuka ina kiran jama'a, ubana yana cikin ruwa taku uku daga inda nake. Kawu ne ya fara isowa a guje, bai ko cire rawaninsa ba ya faɗa, ya rungumo shi ta baya. Wasu mutum biyu suka zo suka taimaka aka fito da shi, suka ƙarasa toshe ɓarakar. Ni na cire rigata na lulluɓe shi, abin da na iya yi ke nan. Kawu ya dube ni sama da ƙasa, a bushe nake ƙayau, ya kau da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A amalanken jaki aka kai shi gida. Na ce asibiti, ya ce maɗori. Muka yi ta ja-in-ja har kwana huɗu, kafin ya yarda aka kai shi Madani gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu. Suka yi abin da za su iya, suka ce an makara. Na ce zan zauna in yi jinyarsa, kashafi ya jira baɗi. Yana kwance ya juyo ya dube ni ya ce, "To don mi na shiga?" Na ɗauki jakata.

Ranar kashafi na miƙa kwalbata. Washegari takarda ta fito, babu jini, babu ƙwai. A mu'ayana malamai uku suka zauna a gabana, na kalli kowannensu a ido, ban san inda na sami ƙarfin ba. Da aka liƙa sunaye nawa yana ciki. Na kira gida, Inna ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara. Na ji ta tana gaya wa Baba. Na ji ya ce, "Madalla." Sai kuma na ji yana tambaya ko an ba akuya ruwa.

Ina aji uku muka zo darasin tsutsotsin ciki. Malamar tana bayanin tsargiya, ni ina rubutu da saurina kamar kullum. Ta ce daga ranar da tsutsar ta huda fatar mutum zuwa ranar da ƙwanta zai fara fitowa a fitsari, sai an yi wata biyu zuwa uku. Na rubuta. Sannan na karanta abin da na rubuta. Alƙalamin ya tsaya.

Mako biyu ne ya rage mini a ranar. Ko da na yi iyo a cikin abu ishirin tun safe har magariba, babu abin da za a gani a kwalbata.

Da aka tashi na bi ta har bakin ofishinta. Na ce, "Malama, in aka ga tsargiya a fitsarin ɗalibi ranar kashafi, korarsa ake yi?" Ta yi dariya. Ta ce, "Kora? A Jazira? Da wa zai rage mana? Magani ake ba shi ya wuce aji." Ta ga fuskata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Na fita na zauna a kan wani dakali, na rasa wanda zan yi wa fushi. Na nemi lambar tsohon abokin ɗakina na kira shi, ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Wane ne wanda ka ce an kora bara?" Ya ce wace bara? Wace kora? Wallahi bai ma tuna ya faɗi maganar ba. Na kashe wayar. Gaskiya ba shi ne ya ci amanata ba. Tambaya ɗaya ce da zan yi wa likitan nan ranar da ya ba ni ƙwayoyi, ban yi ba don ina jin kunyar a ce ɗan ƙauye ne. Kunyata ce ta karya ƙafar ubana. Na yi kuka a wurin, ban damu da masu wucewa ba.

Daga ranar ban sake barin tambaya a cikina ba. Malamai har gajiya suka yi da ni, 'yan ajinmu suna tsaki in na ɗaga hannu. Su yi ta yi. Ban faɗi jarrabawa ko ɗaya ba har na gama, ba don na fi kowa kai ba, sai don na san abin da aka biya mini kujerar da shi. Yanzu kuma in marar lafiya ya miƙe zai fita daga gabana, sai na ce masa, "Zauna. Me kake son tambaya ka fasa?"

Baba bai sake tafiya daidai ba. Da sanda yake zuwa masallaci, sallah a zaune yake yin ta, hawashar kuma mijin ƙanwata ke nomawa. Amma duk baƙon da ya zo gidan sai ya ji labarin. Ya daki gwiwar da tafin hannu ya ce, "Kun ga wannan? Ita ta kai shi likitanci." Kullum ruwan ƙara zurfi yake yi a labarin, bara na ji ya kai har haɓa.

Hutun da na je bayan na gama, muna zaune mu biyu a ƙofar gida bayan la'asar, ina shafa masa magani a gwiwar. Ya daɗe yana kallon hannuna. Sai ya ce, "Kai. Yanzu da ka zama likita, ka san komi. Ranar nan, da ka shiga ruwan, da sun kore ka, ko?"

Na san amsar da lissafinta, har shafin littafin da take ciki na sani. Na dubi ƙafar, ta ƙanƙance ta fi ɗayar siranta.

Na ce, "Da sun kore ni, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya jingina da bango. Ya ce in ƙara shafawa ta bayan gwiwar, nan ne ya fi yi masa ciwo.